Lasisi Ya Ba Ka Manhaja, Bai Ba Ka Sunan Mai Ita Ba

Idan kai ma kana rubuta fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake maƙala wa WordPress don ƙara masa wani aiki, tsaya ka karanta wannan kafin ka raɗa wa naka suna.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tunda WordPress buɗaɗɗiyar manhaja ce, to komai nasa na kowa ne. A'a. Lasisin GPL ya ba ka damar ɗaukar kod ɗin, ka gyara, ka raba, har ka sayar. Amma sunan "WordPress" da tambarinsa alamar kasuwanci ce, kuma tun 2010 tana hannun WordPress Foundation. Kod daban, suna daban.

Shi ya sa dokar rumbun fulogin na WordPress.org ta hana ka fara sunan fulogin ɗinka da sunan wani da ba naka ba. A ce ka yi wanda zai karɓi kuɗi a shagon WooCommerce. "WooCommerce Kasuwa" ba zai wuce ba, amma "Kasuwa for WooCommerce" zai wuce. Naka a gaba, nasu a baya. Kuma fa da zarar an amince da fulogin ɗin, sunan da ke cikin adireshinsa ya zauna ke nan, ba a canza shi.

Ni a ganina dokar nan ta yi daidai. Ka tuna mai shago da bai san kan kwamfuta ba, ya ga fulogin ya fara da sunan kamfanin da ya yarda da shi, ya sauke, ashe wani ne can ya rubuta. In kuɗinsa suka salwanta, wa zai zarga? Ko Debian da girmanta, a 2006 sai da ta sake wa Firefox ɗinta suna zuwa Iceweasel saboda saɓani da Mozilla kan tambari da gyare-gyare. Sai 2016 aka dawo da tsohon sunan.

Inda nake da ja shi ne yadda ake riƙe wuƙar. Shekara da shekaru dokar ta nuna "WP" ba ya cikin alamar da aka kare, mutane suka gina sana'o'i a kansa. Sai ga rikicin Matt Mullenweg da kamfanin WP Engine a Satumbar 2024. An toshe WP Engine daga WordPress.org, a Oktoba kuma aka karɓe shafin fulogin ɗinsu Advanced Custom Fields aka mayar da shi Secure Custom Fields. Sai a Disamba wata kotu a Kalifoniya ta ba da umarnin a mayar musu. To in kamfani mai lauyoyi ya sha wannan, kai da ke zaune da laftof ɗaya fa?

Don haka kar ka jingina sunanka da na kowa, ko da "WP" ne. Zaɓi suna naka na kanka, ka saka "for WordPress" a bayani kawai. Kar ka sa kalmar wordpress a sunan adireshin shafinka, kar ka ari tambarinsu. Ka ajiye kwafin kod ɗinka a GitHub, sannan ka karanta shafin dokar alamar kasuwancinsu kafin ka tura fulogin ɗin a duba.