Karatu Bai Hana Riƙon Gizago Ba

Akwai wata cuta da ta kama masu karatu a birnin nan namu na Sakkwato, wadda ba a samun maganinta a asibiti. Da zarar mutum ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya sa hannu a takarda, sai ya ga hannun nan nasa ya fi ƙarfin gatari da gizago. Ni akawu ne, da alƙalami na ke cin abinci, saboda haka ba wanda zai ce hassadar masu karatu na ke yi. A kan ƙaramin abu zan kafa maganata, watau ƙotar wuƙa.

Ku dubi abin da ke faruwa kowace shekara in Babbar Salla ta gabato. Maigida ya ɗauko wuƙar layya, ya tarar ƙotarta ta tsage. Ƙarfen kuwa lafiya lau, wasawa kaɗai ya ke bukata. Sai a jefar da ita bayan ɗaki, a tafi kasuwa a sayo wata mai ƙotar roba, irin ta ƙasashen waje. Robar nan in jini da kitse sun taɓa ta sai santsi, in ta kusanci wuta sai ta narke, in ta karye ba mai iya gyara ta. Baɗi kuma a sake saye. Araha dai ba ta ado. Da maigidan nan ya zauna yamma biyu da guntun itace, da ya yi wa wuƙarsa ƙotar da ɗansa zai gada.

In ka faɗa masa haka, sai ya ce, "Haba Malam! Sassaƙa sana'ar gado ce, ni kuwa ba ɗan masassaƙa ba ne." To, ɗan'uwana, karatun bokon da ka yi da girmanka, gadonsa ka yi? Ai yawancin waɗanda suka zauna a ajin manya iyayensu ba su san boko ba, duk da haka suka koya, ba wanda ya ce sun ci amanar gidansu. In an iya koyon alƙalami ba gado, me zai hana a koyi gizago? Mai ganin aikin hannu ƙasƙanci ne kuwa ya tuna da darasin makarantar allo. Annabi Nuhu jirgi ya sassaƙa, Annabi Dawuda ƙarfe ya sarrafa, Annabi Zakariyya kafinta ne, tsira da aminci su tabbata a gare su. Wane ne kai, wane ne ni?

Mu dawo gida. Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin nan a shekarar 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ba wanda zai ce ya fi shi karatu a cikinmu. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Malam Umaru Dallaji na Katsina, ya nuna cewa wajibin shugaba ne ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya ga kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu. Malamin da ya wallafa littattafai masu yawa bai raina masassaƙi ba, sai mu da muka iya karanta jarida jiya?

Waɗansu kuma su kan ce, in kowa ya sassaƙa ƙotarsa, masu sana'ar me za su ci? Wannan magana tana da kamar tausayi, amma ba a auna ta ba. Mai son yin ƙota lalle ne ya tafi Maƙera Assada ya sayi ƙarfen wuƙa, da zoben da a ke ɗaure bakin ƙota da shi, da ƙusa. In ya gama, ya kai wa baduku ya ɗinka masa kube da fatar jar akuya, wadda sunan Sakkwato ya tafi nesa saboda ita. Baduku kuwa daga wajen majemi ya ke samun fata. Ga shi wuƙa ɗaya ta ciyar da gida uku. Wadda ta zo cikin kwali daga ƙetare fa, wane maƙeri ta ciyar? Bugu da ƙari, wanda ya taɓa fama da itace ya san wuyar aikin, ba zai ƙara taya kayan masassaƙi tayin wulakanci ba.

Akwai masu cewa itatuwa sun ƙare, hamada tana matsowa, bai kamata a ƙara zuga mutane su sari itace ba. Gaskiya ne daji ya yi baya, ba na musun wannan. Amma ƙotar wuƙa ba ta wuce taƙi guda ba. Reshen da iska ta karya, ko guntun da ya rage wajen mai faskare, ya isa ƙota biyu. Masu cinye daji su ne masu toya gawayi buhu-buhu, da fataken da suka yi ta kwasar madobiya zuwa ƙasar Sin, har a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg, suka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini. Mutumin da ya san bambancin marke da ƙirya a tafin hannunsa shi ne zai fara jin zafi in ya ga ana ƙone su.

Saura masu cewa wannan ci baya ne, zamani ya wuce nan. Ko sun san a ƙasar Faransa akwai wuƙar da a ke kira Opinel, wadda aka fara ƙerawa a 1890, har yanzu kuwa da ƙotar itace aka fi saninta, ana sayar da ita ko'ina a duniya? A ƙasar Suwidin kuma tilas ne yara, maza da mata, su koyi aikin itace da ɗinki a makaranta. Mutanen da ke ƙera motoci ba su ji kunyar sassaƙa ba. Mu ne muka fi su wayewa?

Aikin kuma ba mai wuya ba ne. Ka nemi itace mai tauri, kamar marke, wanda a ke ƙotar fartanya da shi, ko ƙirya, wadda gara ba ta cika ci ba, ko aduwa, wadda a ke sassaƙa allo da ita, ko kanya. Kada ka yi aiki da ɗanye. Ka ajiye shi a inuwa ya yi watanni ya bushe, gama ɗanyen itace ya kan tsuke in hunturu ya shigo, sai ƙota ta tsage. Ka auna tsawonta da faɗin tafinka, ka ƙara yatsa biyu. Ka rage itacen da gizago, ka daidaita shi da wuƙa, kullum kaifi yana barin jikinka. Sa'an nan ka sa zobe a bakinta, ka huda tsakiya, ka ɗumama wutsiyar ƙarfen a wuta, ka cusa ta a hankali. Kafin haka ka naɗe bakin wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, don kada zafi ya kashe kaifinta. Daga nan sai gogewa da magagari, da kankarewa da fasasshiyar kwalba, da shafa man kaɗanya har itacen ya sha. In ta farko ta fito a karkace, ta biyu za ta fi ta. Inda ka rasa gane kansa, ka tafi wajen masassaƙi da goronka, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaya.

Abin da na ke tsoro shi ne 'ya'yanmu. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin ubansa ya gyara kome da hannunsa ba, zai ɗauka duk abin da ya lalace na juji ne, duk mai zufa kuma bawan mai takarda ne. Ran da ya gama makaranta bai sami aikin ofis ba, sai zaman bakin titi, hannu biyu lafiyayyu amma ba su san kome ba. Itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana da kuka yaƙi jahilci da girmanku, kada karatu ya kashe muku hannu. Kowa ya duba bayan ɗakinsa, ba zai rasa tsohuwar wuƙa marar ƙota ba. Ya ɗauko ta bayan La'asar, ya kira ɗansa ya riƙe masa itace. Allah ya sa albarka ga abin da hannuwanmu suka aikata, amin.