Raddi ga masu son a yi wa Jami'ar Ahmadu Bello askin kamfani

Kwanakin baya, a wajen wani ɗaurin aure a Zariya, wani aminina da ya tsufa a aikin banki ya shimfiɗa mana yadda za a fitar da Jami'ar Ahmadu Bello daga ƙuncin kuɗi. A ganinsa magani huɗu ne: a sallami rarar ma'aikatan da ba sa koyarwa, a miƙa shara da gadi ga 'yan kwangila, a haɗe sassa da cibiyoyin da ba sa kawo kuɗi, sannan a ɗauko mutum guda mai zafin nama a sakar masa wuƙa da nama. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Don haka, Alhaji, ga amsar da hayaniyar biki ta hana ni ba ka.

Ka ce ma'aikatan ofis sun yi yawa. Wannan kam ban musa ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba bukatun jami'o'in gwamnati ya gano a 2012 cewa ma'aikatan da ba sa koyarwa sun ninka malamai sau biyu. Sai dai ka tsallake tambayar da ya kamata ɗan banki ya fara yi: daga aljihun wa albashin ke fita? Albashin ma'aikacin jami'ar tarayya daga Abuja yake zuwa, da sunansa da lambarsa. In ka sallami mutum dubu a harabar jami'ar ta Samaru gobe, kuɗinsu ba zai dawo asusun jami'a a sayi litattafai ko man janareta ba, a baitulmalin tarayya zai tsaya. Ka raba magidanta dubu da abincinsu, jami'ar kuma ko sisi ba ta gani ba. Bayan haka, wannan suna na "marasa koyarwa" buhu ne da aka cusa kowa a ciki: mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, da ma'aikacin laburare, da nas ɗin asibitin ɗalibai, da mai aikin gonar bincike. Cikinsu akwai 'yan zaman kashe wando, gaskiya ne, kuma kowa ya san da wasiƙar wane irin babba aka ɗauke su. Wanda ba ya iya cewa a'a ga wasiƙar, wa zai yarda cewa su zai kora?

Batun 'yan kwangila kuwa, ai an riga ka. Garambawul ɗin zamanin Obasanjo ya cire masu shara da masu gadi da makamantansu daga jerin ma'aikatan gwamnati, aka ce kamfanoni su yi aikin. Me ya biyo baya? Nauyin da a da yake kan kasafin albashi na tarayya ya sauko kan kuɗin shiga na jami'a, wato kuɗin rajistar ɗalibai. Mai shara ya rasa fansho, ɗan kwangila ya samu riba, uban ɗalibi ya biya. Wannan sauya wa kaya kafaɗa ne, nauyin bai ragu ba.

Inda na fi jin ciwo shi ne maganarka ta uku, cewa duk cibiyar da ba ta kawo kuɗi a haɗe ta ko a rufe. Jami'ar da Sardauna ya assasa a 1962 ba don ɗalibai kaɗai aka gina ta ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta girmi jami'ar kanta, kuma irin masara da wake da gyaɗa da dawa masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT da SAMSORG daga can suka fito. Kazar nan mai ƙwai, Shika Brown, aikin cibiyar binciken dabbobi ce ta Shika. Gidan Arewa a Kaduna na tsare da takardun tarihin da in suka lalace ba a sayo wasu. Ribar waɗannan wurare tana rumbun manomin Giwa da Funtuwa, ba za ka same ta a littafin bursa ba. In da ma'aunin banki za a auna su, duk sun faɗi, kuma laifin na ma'aunin ne. Haɗe sassa biyu ma abin da yake tsimi bai taka kara ya karya ba. Shugaban sashe malami ne da ke koyarwa, ɗan alawus kawai ake ƙara masa. Hukumar jami'o'i ta NUC kuma, in ta zo tantance kwas, malaman kowane kwas take ƙirgawa, ba ruwanta da allon da aka rataya a ƙofa.

Sai jarumin naka mai wuƙa da nama. Shi ma an gwada. A 1995 gwamnatin Abacha ta naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora kantoman wannan jami'a, ya riƙe ta har 1998. Masu yabonsa na cewa ya kwantar da rikici, ni ma ba zan yi jayayya a nan ba. Amma ya tafi ya bar hanyar shigar kuɗi da fitarsa yadda ya same ta, domin famfon ba a Zariya yake ba. Sabon salon kantoma shi ne IPPIS, tsarin biyan albashi daga Abuja da aka tilasta wa jami'o'i da sunan kawar da ma'aikatan bogi. Tsari ne da bai san malamin aro ba, bai san mai hutun bincike ba, ya kuma mai da ɗaukar ƙaramin malami abin da sai an nemo izini daga Abuja. Yana cikin abubuwan da suka haddasa yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. A Disamba 2023 majalisar zartarwa ta tarayya da kanta ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa. Wa ya lissafa asarar wata takwas ɗin nan cikin tsimin da aka ce an yi?

Abin mamaki, duk jawabinka ba ka ambaci wuta ba. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu amfani da wuta 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kuma jami'a gari ce guda: ɗakunan kwana, famfunan ruwa, firjin ɗakunan gwaji. Kuɗin gudanarwa da Abuja ke turowa ba ya ko kusa da biyan wannan. Asusun TETFund, wanda shi ma gwagwarmayar ASUU ta 1992 ce ta haife shi, yana gina ɗakin lacca ya tura malami karatu, amma ba ya biyan kuɗin wutar ginin. Kowane sabon bene ƙarin bashi ne a ƙarshen wata. In tsimi kake nema na haƙiƙa, leƙa Jami'ar Bayero, inda aka ƙaddamar da tashar wuta ta hasken rana da inji, mai ƙarfin megawat 7.1, a 2019, ka tambayi nawa irinta za ta ci a harabobin jami'ar na Samaru da Kongo da Shika, da kuma wa zai riƙa canza batir in ya mutu. Ka tambayi kuma dalilin da ya sa aka yi ta buɗe sababbin jami'o'in tarayya ana raba tuwon da bai ishi tsofaffin ba, har sai a Agustan 2025 gwamnati ta ce ta dakatar da hakan na shekara bakwai. Kawo alƙalaminka na banki mu zauna kan waɗannan biyun, Alhaji, shayin ranar ni zan saya.