Annobar da Ba a Ƙirga Ba

Har yau, idan hira ta biyo ta kan korona a ofis ko a wurin ɗaurin aure, ba a rasa wani mai digiri da zai gyara zama ya ce ai cutar ba ta kama Najeriya ba. Hujjarsa alƙaluman hukuma ne: kimanin mutum 267,000 suka kamu, 3,155 suka rasu, a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200. Daga nan sai fashin baƙi ya biyo baya, wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce jinin baƙar fata. Wannan magana kuskure ce mai tsada, domin alƙaluman ba su taɓa ƙirga masu ɗauke da cutar ba. Waɗanda aka yi wa gwaji kawai suka ƙirga.

Kuskuren ya faro ne daga bakin ƙofa. A 2014 Najeriya ta daƙile cutar Ebola da mutum 20 kacal da suka kamu, kuma ta cancanci yabon da ta sha. Amma mai Ebola ba ya yaɗa ta sai alamominta sun bayyana a jikinsa, shi ya sa na'urar auna zafin jiki ta yi rana a lokacin. Da korona ta zo, sai aka kakkaɓe wannan na'ura aka miƙa wa masu gadin bankuna da ma'aikatu, alhali ƙwayar korona takan fi yawa a hanci da maƙogwaro dab da bayyanar alamomi, wasu kuma har su rabu da ita ko tari ba su yi ba. Ɗan ƙasar Italiyan da aka fara tabbatar wa cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 ya wuce ta filin jirgin saman Legas lafiya lau, sai daga baya zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ba za a ce ba a sani ba. A cikin watan nan na Fabrairu, jirgin ruwan Diamond Princess da aka killace a Japan ya nuna cewa cikin mutum 712 da suka kamu, kusan rabi ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su. A garin Vo na Italiya, inda aka gwada yawancin mazauna, fiye da kashi 40 cikin ɗari na masu cutar ba su ji komai ba daga farko har ƙarshe. Duk da haka, gwaji a Najeriya ya fi karkata ga mai zazzaɓi da tari da wanda ya dawo daga ƙetare.

Da aka nemi sawun cutar a cikin jini, labari ya sauya. Garkuwar jiki tana barin shaida bayan ta yi arba da ƙwayar cuta, ko mutum ya kwanta ko bai kwanta ba. Binciken da hukumar NCDC ta yi a watannin Satumba da Oktoban 2020 ya sami wannan shaida a jinin kashi 23 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. A ɗauki Gombe, mafi ƙaranci. Mutanen jihar ba su gaza miliyan uku ba, kashi 9 cikin ɗari nasu kuwa 270,000 ne. Ke nan jiha ɗaya, cikin wata takwas na farko, ta zarce abin da aka rubuta wa ƙasar baki ɗaya a tsawon annobar. A Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa Satumban 2021 mutum miliyan 800 ne suka kamu a Afirka, yayin da rahotanni ke cewa miliyan 8.2.

Masu musu suna da gaskiya a wuri guda: asibitoci ba su cika irin cikar da suka yi a Italiya ba, kuma kusan rabin 'yan Najeriya ba su haura shekara 18 ba. Sai dai wannan ƙuruciyar ce ta ɓoye cutar. Saurayi ya ɗauko ta a kasuwa ko a cikin adaidaita sahu, bai ji ko ciwon kai ba, ya shiga gida ya durƙusa gaban kakansa mai ciwon suga. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari ne suka fara sanar da Kano abin da ke faruwa, kafin kowane ɗakin gwaji. Dattawa da manyan malamai suka riƙa tafiya a jere, ana ta cewa hawan jini ne, zazzaɓi ne. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an bi diddigin rasuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya zama sanadin korona. A inda ake suturta mamaci a ranar da ya cika, ba kuma a yi wa yawancin mace-mace rajista, wannan adadi na 3,155 ba abin tinƙaho ba ne. Jihar Kogi ma, wadda gwamnanta na lokacin ya yi ta musun cutar, ta daɗe tana da mutum biyar rak a jadawalin hukuma. Wanda ya ƙi buɗe rumbu ba zai ga gara ba.

Abin takaici shi ne Arewa ta riga kowa sanin maganin wannan makanta. Ƙwayar shan inna tana shanye ƙafar yaro ɗaya ne cikin kimanin 200 da ta kama, sauran suna yawo da ita. Saboda haka tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatoci a Kano ana neman ƙwayar a cikinsa, ba a jira sai yaro ya gurgunce ba, kuma da taimakon irin wannan aiki aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a Agustan 2020, ana tsakiyar korona. Ƙwayar korona ita ma tana fita a bayan gida, ƙasashe da dama kuma sun bi ta a magudanai. Ma'aikatan da suka san bakin kowace kwata a birnin Kano suna nan, hanyar kai samfur ɗakin gwaji tana nan. Wajibi ne a faɗaɗa aikinsu zuwa cututtukan numfashi, a ware masa kuɗi a kasafin kowace shekara, a kuma maimaita binciken jini a jihohi tun kafin wata annobar ta iso.