Hitar Hajiya: Tsakanin 'Yan "A Yar" da 'Yan "A Lallaɓa"

Ranar da hitar banɗakin Hajiya ta daina aiki, ana tsakiyar sanyin Janairu, mutum biyu su ka ba ni shawara, kuma duk su biyun su ka ɓata mani rai. Hitar ta bango ce, mai cin lita 50, marigayi Baba ne ya ɗaura ta tun ina sakandare, bayan ya gama ginin gidan mu a Unguwa Uku. Da ruwan ta Hajiya ke alwalar Asuba, domin gwiwoyin ta ba sa shiri da sanyi.

Na farko Yaya ne, ta waya daga Abuja: "Kai ma dai da son wahala! Ka kira 'yan jari-bola su ɗauke ta, ka shiga Sabon Gari ka sayo sabuwa." Na biyu wani mai gyaran wuta ne da a ka turo mani daga wajen Tarauni. Ya buɗe ƙasan ta, ya leƙa, ya ce, "Maigida, tamostat ne ya mutu. Kar ka ɓata kuɗin ka, bari in jona ta kai tsaye, in ruwa ya yi zafi sai Hajiya ta kashe. Wannan bawul da ke ɗiga kuma mu toshe shi."

Bari in fara da su Yaya, tunda nasu laifin mai sauƙi ne. Wai shin me ke cikin hita da za a yar da ita ba a ko duba ba? Tanki ne, sai ƙarfen da ke ɗumama ruwa wanda masu gyara ke kira elemen, sai tamostat mai yanke wuta idan zafi ya kai, sai bawul mai sakin ruwa idan matsi ya yi yawa, sai wata sanda ta maganiziyam da a ka sa don tsatsa ta ci ta a maimakon tankin. Ban da tankin, kowanne kwance shi a ke yi a sa wani. Kuma abin da ke kashe su a unguwannin mu sananne ne: famfo ba ya zuwa, ruwan burtsatse mu ke turawa tankin sama, ya tara laka da farin ɓawo a jikin elemen, ko tankin sama ya ƙafe a kunna hita ba ruwa, elemen ya ƙone nan take. Sabuwar da za a sayo ma wannan ruwan za ta sha.

Kada kuma a ce mani sabuwa ta fi tattalin wuta. Ɗumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 ya na cin wajen yunit 2.3, tsohuwa ce ko sabuwa. Kuma tun da a ka saki naira a Yunin 2023, daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wanda ya ce maka "sayo sabuwa" to ka tambaye shi ko shi zai biya. Turawan da ke ƙera kayan ma sun dawo daga rakiyar zubarwa: Faransa ta fara tilasta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki a 2021, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar 'yancin gyara a 2024. Mu da mu ka gaji ɗinkin ƙwarya, mu ne yanzu mu ke jin kunyar gyara!

Amma fa, mai karatu, da in bi shawarar mai gyaran nan gara in bi ta Yaya sau goma. Yaya asarar kuɗi kawai zai ja mani. Shi kuwa wancan, ka dubi abin da ya ce da kyau. Tanki rufaffe, an cire abin da ke yanke wuta, an toshe ƙofar da matsi ke fita. Ruwa idan ya zama tururi ya na kumbura fiye da sau 1,600. Wannan ai bam ne a ka rataye a saman kan tsohuwa. "Sai Hajiya ta kashe," in ji shi, kamar ba a Kano ya ke zaune ba. Wa bai san yadda a ke yi ba? A kunna da Magariba, a ɗauke wuta, a manta, a dawo da ita ƙarfe biyun dare kowa na barci. Wa zai kashe?

Wannan ɗabi'ar ta "a lallaɓa" ita ce ta ɓata sunan gyara a garin nan. Ita ce ke sa a naɗa waya a gurbin fiyus, ita ce ke sa a tura tsirarar waya cikin soket a danne da tsinken ashana. Idan abin ya yi ɓarna mu ce ƙaddara ce. Kuma ba masu gyara kaɗai na ke zargi ba. Mu ne mu ke taya aikin dubu biyar dubu ɗaya, sannan mu yi mamakin irin aikin da a ka yi mana.

Iyakar gyara a waje na ɗaya ce: tanki. Idan ruwa mai tsatsa ya fara tsattsafowa daga jikin sa, magana ta ƙare. Kar a kai wa mai walda, domin wutar walda ta na ƙone shafen da ke kare cikin sa, gobe ya ɓule ta gefen ɗinkin.

Na sallami mutumin da kuɗin mota, na nemo wani dattijo mai aikin famfo a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya sauke ta, ya kwashe laka kusan rabin bokiti, ya haska ciki da tocila ya ce tankin lafiya lau. Sandar maganiziyam ta cinye saura waya, sai da na zaga Ƙofar Ruwa kafin in samu wata. Mu ka sa sabon tamostat da sabon bawul. A nan ne kuma ya nuna mani abin da ya kaɗa mani hanji: duk tsawon shekarun nan babu wayar da ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe. Mu ka kafa ƙarfe a tsakar gida mu ka ja ta.

Da na faɗa wa Yaya, cewa ya yi, "Za ka kira ni ne baɗi." Na ce masa ƙwarai, ranar da na ga jan ruwa a gindin tankin shi zan fara kira, ya tanadi kuɗin.