Gida ma lakwal ne: abin da iyalan Katolika suka tono, da abin da zaurukan Birni suka sani

Duk wanda ya ratsa titunan Damagaram da sassafe a watan Oktoba, lokacin komawa lakwal, zai ga abu guda a Birni da Zango da Sabon Gari. Uba ya goyo yara biyu ko uku bisa babur, ya sauke su bakin ƙofar makaranta, ya juya ya nufi Kasuwar Dole ko ma'aikatarsa, zuciyarsa sakayau kamar wanda ya sauke jinka. Ya sayi kaye da alli da jaka, ya biya kuɗin da aka nema. A ganinsa nasa ya ƙare, saura na mushe. Sai ƙarshen shekara, ran da aka kawo takardar sakamako, a ji gida ya ɗauki hayaniya, ana zagin malamai, ana zagin gwamnati, ana zagin zamani.

Hayaniyar ba ta rasa dalili ba. Binciken PASEC na shekarar 2014, wanda aka gudanar a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata wajen karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A binciken 2019 an ga ci gaba, amma ko a lokacin mafi yawan yaran ba su kai ba. Abin tambaya a nan shi ne: idan yaro ya yi shekara shida yana zuwa lakwal bai iya karanta wasiƙa ba, mushe kaɗai ne ke da laifi? Ina uban yake tsawon waɗannan shekaru?

A Amurka akwai wasu iyalai mabiya ɗariƙar Katolika da suka yi wa kansu irin wannan tambaya, suka ba da amsa mai tsauri: suka cire ƴaƴansu daga makaranta baki ɗaya, suka mai da gida aji. Hujjarsu daga koyarwar cocinsu take. Babban taron Batikan na biyu, a takardar da ya fitar kan ilimi ran 28 ga Oktoba 1965, ya tabbatar da cewa iyaye su ne malamai na farko kuma mafi girma ga ƴaƴansu, Paparoma Jean-Paul na biyu kuma ya sake jaddada haka a wasiƙarsa kan iyali ta 1981. Cocin bai umurci kowa ya bar makaranta ba, shi kansa yana da dubban makarantu a duniya. Waɗannan iyalai ne suka ɗauki maganar har ƙarshenta. Zuwa 1993 doka ta halatta karatun gida a dukan jihohin Amurka 50. Ƙididdigar hukumar ilimin ƙasar ta nuna yaran da ke karatu a gida, na kowane addini, sun kai wajen 850,000 a 1999, suka kusa miliyan 1.7 a 2016.

Ba haka kawai uwa ke ɗaukar littafi ta hau koyarwa ba. Akwai cibiyoyi da ke aiko wa iyalai tsarin karatu na shekara, da littattafai, da jarrabawa, su kuma duba aikin yara daga nesa. Cikinsu akwai Seton da ke jihar Bajiniya, da Kolbe a Kalifoniya, da Mother of Divine Grace wadda Laura Berquist ta kafa a 1995. A irin wannan gida, yini na farawa da addu'a, sannan haddar tambayoyi da amsoshi na addini, da harshen Latin, da lissafi, da tarihi. Ana karanta littafi a bayyane kowa na saurare, babba yana bita wa ƙaninsa, ana haɗa aikin gida da karatu, sau da yawa kuma iyalai maƙwabta kan haɗu sau ɗaya a mako domin darussan da uwa ɗaya ba za ta iya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsarin da wasunsu da dama suka zaɓa, wanda suke kira karatun gargajiya. Tushensa wata lacca ce da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers, wadda ita kanta ba ƴar Katolika ba ce, ta gabatar a Oksfod a 1947. Kukanta shi ne makarantun zamani suna cusa wa yaro fannoni barkatai amma ba su ba shi kayan aikin da zai koyi abu da kansa. Ta ce a koma ga matakai uku na makarantun Turai na da, waɗanda da Latin ake kira trivium, wato mahaɗar hanyoyi uku. Na farko, lokacin da yaro ke jin daɗin maimaita abu kamar aku, a ba shi ƙa'idojin harshe da hadda. Na biyu, lokacin da ya fara gardama da musu, a koya masa auna hujja, ya san wace magana ta tsaya da ƙafarta, wace ta faɗi. Na uku, lokacin da ya fara son a ji ta bakinsa, a koya masa tsara zance da rubutu yadda za su shiga zuciya.

Mai karatu ɗan Damagaram da ya taɓa zama gaban malami a zaure zai yi murmushi a nan, domin matakan uku suna da sunaye da ya daɗe da sani: nahawu, da manɗiƙi, da balaga. Tun kafin Faransawa su shigo a 1899, tun zamanin da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, garin nan yana shan ruwan ilimi daga Barno da Kano da Agadas, kuma mazaunin wannan ilimi shi ne gida. Malami na zaune bisa buzu a zaurensa, ɗalibai na zuwa ɗaya bayan ɗaya kowa da littafinsa, ya biya masa gwargwadon ƙarfinsa, yana fassara masa da Hausa ko Barbarci, ƴaƴan gidan kuma na tashi da karatun a kunnuwansu. Bayan allo da Ahalari da Ishmawi da Risala, mai himma ya shiga Ajurumiyya ta Ibn Ajurum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, daga nan ya haura Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan dubu. Shehu Abdurrahman al-Ahdari na Aljeriya, wanda kowane almajiri ya san littafinsa na tsarki da salla, shi ne kuma ya rubuta Sullam a kan manɗiƙi, da Jauharul Maknun a kan balaga. Shehu Magili, wanda ya ratsa Ayar da Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya kare shi daga masu haramta shi. Manɗiƙin zaure da na makarantun Turai kuwa rijiya ɗaya suka ɗebo, wato littattafan Aristo na Girka. Ko wajen ƴaƴa mata ba a rasa misali ba a ƙasar Hausa: Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gidan mahaifinta ta yi karatu har ta zama malamar mata. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

To, tunda haka ne, sai ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su kwashe ƴaƴansu daga lakwal? Ko kusa. Kayan aro ba ya rufe katara. Karatun gida irin na Amurka yana tsaye ne bisa ginshiƙai da ba kowane gida ke da su ba a nan: uwa mai ilimi mai zurfi wadda ta bar aikin albashi, uba mai samun da zai riƙe gida shi kaɗai, da littattafai cike da ɗaki. Nauyin kusan duka bisa wuyan mace yake, kuma inda uwa ta gaza babu mai gani sai ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa ba kowace ƙasa ta yarda da shi ba. Jamus ta hana shi. Faransa, wadda dokarta ta 1882 ta tilasta ilimi amma ta bar iyaye su ba da shi a gida, ta tsaurara da dokar 24 ga Agusta 2021, ta yadda tun komawar lakwal ta 2022 sai da izinin hukuma. A Nijar kuwa, sanin kowa ne cewa ƙofar kwaleji da lise da jami'a da aikin gwamnati, da takardar shaida ake buɗe ta.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi, kuma a Damagaram ne ya fi bayyana. Mabiya Katolika a nan ƴan tsiraru ne, da yawansu asalinsu daga Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya, suna ƙarƙashin yankin cocin Maraɗi da aka kafa a 2001, wanda Ambroise Ouédraogo ya zama bishop ɗinsa na farko. Hanyar da cocinsu ya bi wajen ilimi ba ta rufe ƙofa ba ce: makarantun mishan ya buɗe, kuma mafi yawan yaran da ke cikinsu ƴaƴan Musulmi ne, ƴaƴan alhazan kasuwa da na ma'aikata. A kan benci ɗaya ɗan Musulmi da ɗan Kirista ke zama, su ari alli wajen juna. Idan ba a manta ba, ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙona majami'u a garin nan, wuta ta ci makarantar mishan, ta ci cibiyar al'adun Faransa da Nijar har da ɗakin littattafanta. Garin da ya ga wannan rana ya fi kowa sanin cewa yaran da ba su tashi tare ba, da wuya su ji tausayin juna idan sun girma. Gida na iya koyar da nahawu, amma zama da wanda ba irinka ba sai a waje ake koyonsa.

Saboda haka abin ɗauka daga iyalan can shi ne ƙin sallama ɗa ga wani baki ɗaya. Wanda ya tuna yaje-yajen aiki da shekarun karatu da aka soke a farkon shekarun 1990, ko rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ya san cewa lakwal na iya tsayawa a kowane lokaci, kuma ran da ta tsaya, yaron da gidansu babu karatu shi ma ya tsaya cak.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Tsakanin magariba da lisha akwai lokacin da tele da wayar salula suka ƙwace. A ƙwato shi. Ƙaramin yaro ya karanta darasinsa a bayyane, yayansa na gyara masa: wannan shi ne matakin nahawu. Matakin manɗiƙi kuwa shi ne wanda ya fi ɓata, a lakwal da makarantar allo duka, domin ko'ina yaro haddacewa yake ya mayar yadda aka ba shi. Nan ne uba zai shigo, ko da bai taɓa taka aji ba. Ya ce wa ɗansa ya rufe kaye ya faɗa masa da Hausa abin da darasin ke nufi, sannan ya tambaye shi dalili. Alhajin da ke lissafin ribar buhun wake daga Damagaram zuwa Kano da ka, yana cire kuɗin mota da na duwan da canjin sefa da naira, ya fi ƙarfin a ce ba shi da abin koyarwa. Ya zaunar da yaron ya yi lissafin tare da shi. Ma'aikacin da ke rubuta rahoto kullum ya sa ƴarsa ta rubuta wa kakarta wasiƙa, ya duba, ya nuna mata inda zance ya karkace. Balaga kuwa tana ɗakin tsohuwa tun fil azal, cikin tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, in dai an bar jikoki su zauna kusa da ita.

Mushe mai yara saba'in ko tamanin a aji ba zai iya tsayawa kan kowane ɗaya ba, komai kishinsa. Uba mai ƴaƴa biyar zai iya, uwa za ta iya, ko da na rabin awa ne kowane dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya zuri'a, ya sa a gane. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai rai.