Hattara Iyaye: Digirin Wasan Kwaikwayo a Jami'o'inmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan lokacin ɗaukar ɗalibai a jami'o'i ya zo, akwai wani al'amari da yake ta aukuwa a gidajenmu, mu kuwa mun zura ido. Yaro zai cika fom ɗin JAMB ya nemi fannin shari'a ko aikin jarida, ya zauna jarrabawa, makinsa ya kasa kai yadda ake bukata. Sai jami'a ta ce masa ga gurbi a sashen wasan kwaikwayo. Ya amsa ta kwamfuta, ya dawo gida ya ce, "Baba, na samu." Uba ya yi hamdala, ya sayar da hatsi ko dabba ya biya kuɗin rajista, ba tare da ya tambayi abin da za a koya wa ɗansa cikin shekara 4 ba. Alhali kuwa mutumin nan ko akuya zai saya a kasuwa sai ya buɗe bakinta ya duba haƙoranta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yanzu akuya ta fi tarbiyyar ɗa cancantar bincike ke nan?

Mene Ne Ake Koyarwa?

Tun da adalci wajibi ne ko a kan wanda aka saɓa da shi, bari mu faɗi abin yadda yake. Mai neman wannan fanni yana bukatar kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da adabin Turanci. Idan ya shiga, zai karanta tarihin wasan kwaikwayo, da rubuta shi, da ba da umurni, da tsara dandamali, da sarrafa fitilu, da ɗinkin tufafin wasa, da kwalliyar fuska. Rabin farko na wannan jeri karatu ne na littafi da sana'ar hannu. To amma fannin ba ya tsayawa ga littafi. Akwai darussan aiki waɗanda ba a cin jarrabawarsu sai da jiki: fitowa a dandamali, da rawa, da waƙa, da kwaikwayon bukukuwan gargajiya. Ana gwajin wasa maza da mata a haɗe, sau da yawa da yamma har zuwa dare, domin da rana ana ajin karatu. Yarinyar da ta tashi a gidan da ko gaisawa da hannu ba a yi da ajnabi, sai ga ta an ba ta matsayin matar wani saurayi a cikin wasa, makinta kuma yana rataye ga yadda ta iya nuna haka a gaban jama'a. A jami'o'i da dama a ƙasar nan har bikin shigar da sababbin ɗalibai ake yi, a shafa musu farar ƙasa, a sa musu kayan dodanni, a zaga da su cikin makaranta da kiɗa.

Wannan ilmi bai tsiro a ƙasarmu ba. Masu koyar da shi da kansu suna fara darasin tarihinsa ne daga birnin Atina na ƙasar Girka, inda a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ake gabatar da wasanni a bikin gunkinsu na giya, Diyonisas. A Nijeriya, Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, da tallafin gidauniyar Rockefeller ta Amurka. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta soma koyar da shi a 1975 a ƙarƙashin wani Bature, Michael Etherton. Yau ana koyar da shi a Jos da Kano da wasu wurare. Ba mu ce asalin abu kaɗai yana haramta shi ba, domin likitanci ma Musulmi sun ɗauko da yawa daga Girkawa suka tace shi suka inganta. Tambayarmu ita ce: shi wannan, wa ya tace shi?

Ma'aunin Shari'a

Malaman Sunna sun yi saɓani a kan kwaikwayo shi kansa. Shaihu Bakar Abu Zaid ya wallafa littafi sukutum yana hana shi. Shaihu Ibn Usaimin ya yi sauƙi a kansa da sharuɗɗa, daga ciki kada namiji ya fito a siffar mace, kada a wulaƙanta addini, kada a haɗa shi da abin da aka haramta. To ko da mun ɗauki ra'ayin masu sauƙin, mu ɗora sharuɗɗansu a kan abin da muka bayyana a sama, wanne ne ya cika? Allah (SWT) Ya umurci muminai maza da mata da runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari ya tabbatar da la'ana a kan namiji mai kamanta kansa da mata, da mace mai kamanta kanta da maza. An hana keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba. Kwaikwayon bori da bautar iskoki da sunan raya al'ada kuwa, wannan ya wuce maganar kunya ya taɓa tauhidi, kuma shi ne irin abin da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rayuwarsa yana yaƙa. Abin da Shehu ya kora daga fada da kasuwa, mu ne za mu biya kuɗi a dawo da shi ta ƙofar jami'a?

Shubuhohin Da Ake Kawo Mana

Na farko, sukan ce wasan kwaikwayo hanya ce ta faɗakarwa. Mun sani. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni yana sukar zalunci da jahilci tun yana malamin makaranta. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa a kan tsafta, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu. Ɗaliban Zariya sun shiga ƙauyuka suna wasanni a kan matsalolin talakawa, ba mu musun haka. Amma cikin marubutan nan uku wane ne ya bukaci digirin da sai an yi rawa ake samunsa? Kyawun manufa ba ya halatta hanyar da shari'a ta toshe. Ba a wanke najasa da fitsari.

Na biyu, sukan ce idan 'ya'yanmu ba su shiga ba, wasu za su mamaye fagen su riƙa ba da labarinmu yadda suke so. Wannan magana tana da nauyi. To amma abin da al'umma take bukata shi ne marubuta, da masu riƙe kyamara, da masu tace hoto da sauti, da masu sanin addini da za su duba abin da ake fitarwa. Ana samun da yawa daga wannan a sashen aikin jarida da na Hausa, ba tare da an tilasta wa 'yar Musulmi hawa dandamali ba.

Na uku, sukan ce takarda kawai ake nema, a yi bautar ƙasa a sami aiki. Shekara 4 na ƙuruciya ba takarda ba ce kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan su ne shekarun tanƙwarar. Abin da ido ya saba gani zuciya takan daina ƙyamarsa.

Mu fayyace: ba mu kafirta kowa ba, ba mu kuma ce duk wanda ke wannan sashe fasiƙi ne ba. A cikinsu akwai masu salla a kan lokaci, akwai masu hijabi da ke fama su tsare mutuncinsu, akwai malamai masu tsoron Allah. Da tsarin muke jayayya, domin shi ne yake sa mumini ya zaɓa tsakanin makinsa da addininsa.

Namu Laifin

Ba za mu rufe ba sai mun juyo da yatsa kanmu. Tun daga 1990 da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ɗin Hausa take bunƙasa, mu kuwa iyakarmu tsinuwa a kan mumbari. An kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2016 malamai suka tashi tsaye har Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Mun hana, to me muka gina a madadinsa? Yaran nan suna nan da waya a hannu suna kallon abin da ya fi wancan muni. Wanda ya toshe rijiya mai guba bai haƙa wata ba, kada ya yi mamaki in ya ga mai ƙishirwa yana shan kwata.

Kiranmu

Ya ku iyaye, Allah Ya umurce ku a Suratut Tahrim, aya ta 6, da ku kare kanku da iyalanku daga wuta. Ku zauna da 'ya'yanku tun ranar cika fom. Ku sani cewa tun 2017, a ƙarƙashin tsarin CAPS na hukumar JAMB, gurbi ba ya tabbata sai ɗalibi ya amince da shi da kansa, kuma yana da ikon ƙin karɓa. Ana iya neman canjin fanni ko na makaranta. Jinkirin shekara guda a sake jarrabawa ba mutuwa ba ne.

Ya ku ɗaliban da suka riga suka shiga, ku nemi canjin sashe idan da hali. In babu, ku karkata ga rubutu da aikin bayan fage, ku faɗa wa malamanku cikin ladabi abin da addininku bai yarda da shi ba.

Ya ku malaman jami'a Musulmi, ku yi magana a majalisun da kuke zama, a sama wa ɗalibi mafita ta yadda ba za a kayar da shi don ya ƙi rawa ba.

Ya ku mawadata, ku kafa wuraren koyar da aikin rediyo da talabijin da ɗaukar hoto bisa ƙa'idar shari'a, wannan ma sadaka ce mai gudana.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya shirya mana zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.