Takarar indifenda: sa hannun mutum nawa ake nema?

Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk haifaffen ɗan Najeriya da ya kai shekara 35, kuma ya yi karatu daidai da sakandare, yana iya neman kujerar shugaban ƙasa, amma sai in ɗan wata jam'iyya ne kuma ita ce ta tsayar da shi. Haka sashe na 177 ya tanada a kan gwamna, haka na 65 da na 106 a kan 'yan majalisa. Shi ya sa mai zaɓe a Ringim, in ya shiga rumfa ya warware takarda, ba ya ganin sunan kowa sai tambari: tsintsiya, lema, kayan marmari. Kotun Ƙoli ma ta ƙarfafa wannan a 2007, lokacin da ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi ya tsaya a babban zaɓe ba, bisa hujjar cewa jam'iyya aka zaɓa.

Wannan jarida tana goyon bayan a bar mutum ya tsaya takara da ƙafarsa, ba tare da inuwar jam'iyya ba. Dalilinmu ba boyayye ba ne. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40, kuma kuɗin fom shi ne mafi sauƙi a cikin hidimar. Kowa a Jigawa ya san abin da ya sha faruwa daren jajibirin zaɓen fidda gwani: a kwashi daliget a motoci a kai su masauki a Dutse, a hana su ganin kowa, da safe a fito da su a jere, kowa da lambar da aka raɗa masa a kunne. Wani lokacin ma ba a kai ga haka, sai a ce an yi maslaha, alhali mutum uku ne suka zauna a falon uban gida suka yi ɗauki-ɗora. Talakan Sankara ko Kyarama, wanda zai sha rana a layi, sai dai ya zaɓa cikin abin da aka riga aka zaɓar masa.

Batun ba sabo ba ne. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa, ya ba da shawarar takarar indifenda a rahotonsa na 2008. Taron ƙasa na 2014 ya maimaita. A watan Maris na 2022 majalisun tarayya biyu suka amince da ƙudirin, ya zaga majalisun jihohi, a watan Mayun 2023 aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari, ya sauka bai sa masa hannu ba. Majalisa ta goma ma ta sake ɗauko zancen.

Da yawa sun yi takaicin mutuwar wancan ƙudiri. Mu ba mu yi ba, domin mun duba sharaɗin da ke cikinsa. An ce mai son tsayawa indifenda a zaɓen shugaban ƙasa sai ya kawo tantantaccen sa hannun kashi 20 cikin 100 na masu rajistar zaɓe a kowace jiha. A yi lissafi. Masu rajista a 2023 sun kai miliyan 93.4, ke nan ana neman sa hannun mutum kusan miliyan 18.7. Bola Tinubu da ya ci zaɓen, da jam'iyya mai mulki da gwamnoninta, ƙuri'a miliyan 8.79 ya samu. A nan Jigawa masu rajista sun kai miliyan 2.35, kashi 20 ɗinsu kusan dubu 470 ke nan, alhali Tinubu da ya zo na ɗaya a jihar dubu 421 ya samu, Atiku Abubakar dubu 386. Wato kafin a buga sunan mutum a takardar zaɓe, sai ya tara, a faɗin ƙasa, abin da ya ninka ƙuri'un wanda ya ci kujerar. Wanda zai iya wannan aiki ba malamin jami'a ba ne, ba tsohon alƙali ba ne. Attajiri ne da zai ɗauki dubban yara haya su bi gida-gida da takarda da ɗan abin goro. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin da masu rubuta doka a Abuja ba sa hangowa, wanda mu a nan muke gani da ido. Ƙuri'a a asirce ake jefa ta, amma sa hannu a fili yake, da suna da lambar katin zaɓe. A gari irin Ringim, inda kowa ya san gidan kowa, malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka kawo wa takardar goyon bayan wanda ke ja da jam'iyya mai mulki zai yi dogon tunani kafin ya karɓi biro. Zai tuna canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu mota, zai tuna jerin sunayen rabon taki, zai tuna ƙaninsa da ke neman aiki. Mafi yawa za su ce, "Allah ya ba da sa'a, ranar zaɓe muna tare," su mayar da takarda ba komai a kanta. Ƙuri'ar irin wannan mutum tana samuwa, sa hannunsa ne ba ya samuwa, kuma duk dokar da ta ɗaga adadin sa hannu sama, irinsa take korewa.

Maƙwabta sun riga mu gwadawa. A Jamhuriyar Benin, Yayi Boni a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk ba da tutar jam'iyya suka hau mulki ba. Kenya, a takarar shugaban ƙasa, tana neman sa hannun mutum 2,000 daga kowace gunduma a mafi rinjayen gundumominta 47. Senegal da ta wajabta sa hannu ga duk 'yan takara a 2018 ta tsaya a lokacin tsakanin kashi 0.8 zuwa 1 cikin 100 na masu rajista, kuma duk da haka 'yan adawa sun yi ta kukan an yi amfani da tantancewa an zubar da su. A 2013 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta yanke hukunci, a ƙarar Rabaran Christopher Mtikila, cewa haramta takarar indifenda da Tanzaniya ta yi ya saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, yarjejeniyar da Najeriya ta mayar dokarta tun 1983.

Masu adawa da tsarin suna da hujja guda mai nauyi: yawan 'yan takara. A 2019 mutum 73 suka nemi shugabancin ƙasa, takardar zaɓe ta yi tsawon da tsofaffi ke laluben tambari da ƙyar, har INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020. Saboda haka dole a sa sharaɗi, mun yarda. Tsoron cewa ɗan indifenda zai zama ɗan takarar ƙabila ko yanki kuwa, sashe na 134 ya riga ya yi maganinsa, tunda ba mai zama shugaban ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi.

Abin da muke gani daidai shi ne kada a wuce kashi 1 cikin 100 na masu rajista, a jihohi 24. A Jigawa wannan bai kai mutum dubu 24 ba: aiki ne, amma mai jama'a na gaske zai iya. A yi tantancewar da na'urar BVAS, a hana fitar da sunayen waɗanda suka sa hannu ga kowa in ba kotu ba, a kuma wajabta wa ɗan indifenda ya fita daga jam'iyya watanni kafin zaɓen fidda gwani, don kada tsarin ya zama mafakar wanda ya sha kaye ya fusata. Sannan kada a tsaya a kujerar Abuja. A zaɓen ƙananan hukumomin Jigawa na Oktoban 2024 APC ce ta kwashe kujerun ciyaman 27 gaba ɗaya, kamar yadda jam'iyyar gwamna ke yi a kusan kowace jiha. A kujerar kansila da ta ciyaman ne mutumin da gari ya yarda da shi zai fi iya cin zaɓe da sunansa kaɗai.

Gyaran kundi ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 sun amince, saboda haka ƙudirin zai biyo ta Dutse. Muna kira ga 'yan majalisar dokokin Jigawa su 30, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Ringim da Taura, da sanatocinmu uku, kowa ya fito ya faɗa wa mazaɓarsa ko yana goyon bayan takarar indifenda, da kuma adadin sa hannun da zai yarda a rubuta a doka.